Ugomma Ta Amsa da Hausa

Yau kwana tara abinci ba ya min daɗi, tun ranar da dangin Levi suka zo daga Zonkwa neman auren 'yata Ugomma.

Ni Joanna, 'yar Kataf ce daga Samaru. Marigayi mijina Ejike Ibo ne, ma'aikacin reluwe a nan Kafanchan. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa. Da Hausa muka yi soyayya, da ita muka yi faɗa, da ita muka raini yarinyar.

A al'adarsu ta Ibo uba ne ke miƙa wa 'ya kofin bammi, ita kuma ta kai wa wanda take so. Don haka wan mijina, Anthony, ya taso takanas daga Enugu. Ya riƙe kofin, ya yi mata tambaya da Ibo. Yarinya ta durƙusa, ta ce, "Na'am, Baba?"



"Na'am?" in ji shi, da Hausar da shi ma ya koya a kwatas ɗin reluwe. "Joanna, kin mai da 'yar ƙanena Bahaushiya! Sai ta zo gida ta yi shekara, ta koyi bakin ubanta." Ya dangwarar da kofin.

Na juya wajen yayana Kumai. Ya ce, "Kar ki dube ni, sista. 'Yar Ibo ce. Ko gaisuwar Kataf ba ta iya ba."

Uwar Levi ta gyara ɗankwali. "To, jama'a, 'yar ta waye?"

"Haba Momi!" Levi ya miƙe. "Ugomma nake so, ba yare ba. Zan jira!"

Uwar ta ce, "Ka jira. Kirsimeti na wucewa, akwai Magdalene cikin mawaƙan coci, 'yar gida."

Tun ranar Ugomma ba ta fita. Ina jiyo ta a ɗaki tana maimaita kalmomin Ibo daga waya, tana kuskure, tana kuka. Jiya ta ce, "Mama, ni 'yar ina ce?" Na buɗe baki, na rasa da wane yare zan amsa.

Iyaye, ku ba yaranku harshenku tun suna goye. Gado ne da ba a rabawa bayan mutuwa. Fasto ya ce mahaƙurci mawadaci, na yarda, amma Disamba ba ta jira.

Ku faɗa min, 'yan'uwa: in tura ta garin da ba ta san kowa ba, ta rasa Levi? Ko ni, mace, in miƙa mata kofin da hannuna, dangin ubanta su rufe mata ƙofa har abada?