Faratan 'Yar Yayata

"A fasa auren nan kawai!"

Kafintan da zan aura ya ajiye zarto, ya kalle ni ta cikin ƙurar katakon shagonsa. "Sahibata... laifin me na yi?"

"Ba kai ba ne. Tsuntsuwa ce."

Tsuntsuwa 'yar marigayiya yayata ce, shekararta shida, a hannuna take tun rasuwar uwarta. Kwanan nan ta tsiro da cin farce, sai ta ga jini take dainawa. Umma ta shafa mata barkono, ni na sa mata safar hannu, na yi faɗa har muryata ta dishe. Yarinyar nan ta lashe barkonon, ta huda safar, ta ci gaba da aikinta.

"Yau na kai ta asibiti," na ce. "Likita ta ce ba duk yaro mai cin farce ne ke da damuwa ba, amma ita wannan tsoro ne ke cin ta. Sai ta tambaye ni yaushe abin ya soma..."

"Yaushe?"

"Tun da aka tsayar da ranar aurenmu. Ashe yarinyar ta ji Umma na cewa amarya ba ta tarewa da 'yar wani, gidan baffanta za a kai ta. Mu kuma muna ta dirka mata barkono!"

Kuka ya ƙwace min. Ina son mutumin nan kamar raina, amma ba zan iya tafiya in bar ta ba.

"Shi ne kika yanke hukunci ke kaɗai? Ni wa ya tambaye ni?" Ya zaro fensir daga bayan kunnensa. "Tana ina?"

Tana rakuɓe a bakin ƙofa, yatsa a baki. Ya ɗauki tef ɗin awo, ya tsuguna a gabanta.

"Hajiya Tsuntsuwa, miƙe sosai. Gado zan yi miki, kar ya zo ya yi kaɗan."

"A gidan Baffa?" ta tambaya a hankali.

"A gidanmu. Ni da ke da Anti. In Anti ta cika rigima, mu haɗu mu kore ta."

Ta juyo ta kalle ni. Na gyaɗa kai, hawaye na bin kumatuna.

"Kwana ɗaya... ko kullum-kullum?"

"Kullum-kullum, 'yata."

Ta cire yatsan daga bakinta, ta riƙe masa bakin tef ɗin.