Man Shanu a Gindin Amalanke

Da safe Jummai ta fito ta tarar da santa ɗaure a turke, amalanke kuwa babu ita. Duk garin Sae Sabuwa an san amalanken nan. Marigayi mijinta ya haɗa ta da ƙafafun tirelar da wasu Turawan Suwidin masu haƙar rijiya suka bari. A jikin ƙarfen an rubuta vagn, suka ce masa da yarensu amalanke ke nan, sai gari ya sa mata Bagan. Da ita Jummai ke dakon gero tana ciyar da marayunta, ga kaka ta kama.

Jandarma Abdulrahaman ya zo ransa a ɓace, don ya tsani satar da ake yi wa marasa ƙarfi.

"Inna, ba ki ji motsi ba?"

"Ko kaɗan, ɗana. Ga ta da kuka, ƙafar hagu har kasuwa ake jin ta."

Ya tsuguna inda amalanken take tsayawa. Tururuwa ta yi baƙi a wuri ɗaya. Ya dangwali ƙasar ya sunsuna.

Ya fara bincike da Sale, manomin da san Jummai ya taɓa yi wa ɓarna.

"In ƙafar amalankenka tana kuka, me kake sa mata?"

"Baƙin man babur mana, ranka ya daɗe!"

Fahad mai walda, wanda ya sha taya Bagan, dariya ya yi ya nuna gwangwanin giris. Tururuwa ba ta bin ko ɗaya.

Abdulrahaman ya koma rugar su Jummai. "Inna, wa ke da man shanu a nan? Na ga shanunku duk sun tafi mashekari, can wurin kiwo."

"Ni kaɗai, na ajiya." Sai ta tuna. "Jiya na ɗibar wa Yaya Shu'aibu, wan maigidana. Ya ce ɗansa ke tari."

Da aka tuhumi Shu'aibu, ya rantse, ya sake rantsewa. Jandarma ya ce a kawo sauran man. Babu. Ya ce a kira yaron. Ga shi garau, ko ƙamshin mai bai ji ba.

"Ka san tana kuka, ka kashe kukan da abin da hannunka ya saba," in ji Abdulrahaman. "Manomi da bai yi haka ba. Ina take?"

"Na kai ta Gazawa," Shu'aibu ya ce, ko kunya babu. "Daga can ta ƙetare iyaka. Ai kayan ƙanena ne."

Abdulrahaman ya ji kamar ya kwaɗa masa mari. Abin da ya ƙetare iyaka ba ya dawowa, ya sani, ita ma ta sani.

Jummai ba ta yi kuka ba. Ta dubi mutumin ta ce, "Yaya, man nan miyar yarana ce ta sati. Na hana su na ba ka."