Ƙwan da Ba Shi da Zobe

Alƙaliya suke ce mata a ɗakin binciken, don aikinta yanke hukunci ne. Takan karya wuyan ɓera, ta ciro ƙwayayen haihuwar da ba su nuna ba, ta ɗiga musu launi, ta kafa ido a madubin ƙara girma. Wanda siririn zobe ya kewaye tsakiyarsa, shi zai iya zama ɗa, sai ta ajiye. Marar zobe kuwa, sai kwata. Ko shugaban wurin bai isa ya ja da ita ba, bakinta ya fi reza.

Ita kanta shekara tara tana neman haihuwa, sai a shekarar da abin ya faru Allah ya ba ta cikin wata huɗu.

Ran nan gab da magariba, kowa ya watse, ta tsaya ƙarasa kejin ƙarshe. Ɓeraye biyar ta sani a ciki, shida ta tarar. Ta shidan baƙa wuluk, ba lamba a kunnenta. Baba mai shara ya leƙo, ya ce abin da ba ita ta ajiye ba kada ta taɓa. Ta ce in ya gama digirinsa a kan tsintsiya ya dawo su yi magana.

Ƙas. Wuyan ya tafi kamar tsinke.

Ƙwai goma sha biyu, ba zobe ko ɗaya. Ta yi tsaki, ta juye su a wurin wanke hannu, ta sakar musu famfo.

Firji ya daina gurnani. Ɓerayen suka yi tsit. Warin ƙonannen gashi ya taso daga bututun.

Ruwan ya fara dawowa. Jajawur.

"Alƙaliya," aka raɗa daga can ƙasa. "'Yata, da jikokina goma sha biyu."

Ta yi ƙofa. Aka cafki idon sawunta, aka maka ta da ƙasa, haƙorinta ya yi tsalle. Aka ja ta cikin fasassun kwalabe, aka ɗaga ta aka doka bisa tebur. Fitilar madubin ta kunna kanta, ta haske cikinta.

Hannu mai sanyi ya yage rigar.

"Bari in duba naki. Da dokarki."

Hannun ya lalube cikin.

"Ba zobe."

Farce ya fara nutsewa.

Ta tuna da zoben aurenta. Yatsan ya kumbura saboda cikin, zoben ya ƙi fita. Ta sa haƙora ta fizgo shi har da fata, ta danna a cibiyarta sai da ya shige nama.

"Ga shi, Inna. Sake dubawa."

Numfashi mai zafi ya bi cikin, a hankali. Sai wata dariya, ƙasa-ƙasa.

"Wannan a ajiye."

Hannun ya bar cikin, ya kama yatsan.

Ƙas.

A bakin matakala Baba mai shara ya tsince ta, tana jan jiki, hannu a hammata. Hularsa ya cire ya ɗaure mata dungun yatsan.

Ta haifi 'yarta lafiya, da baƙin zobe kewaye da cibiya, wanda ba sabulun da ya fitar.

Tana nan tana aiki da yatsu tara. Sau uku take ƙirga ɓeraye kafin ta buɗe keji, marasa zoben kuma ba ta ƙara zubarwa ba, tana renonsu tare da sauran. Bara, uku daga cikinsu suka zama 'ya'ya. Ta daɗe tsaye tana kallonsu, sannan ta hana kowa sake kiranta Alƙaliya.