Lambar da Na Canza Ranar Asabar

Ranar Asabar, shida ga Nuwamba, na canza lambar sirrin akwatin ƙarfen da nake ajiye bindigogina. Ranar Laraba aka kashe ɗana a gaban akwatin.

Tsohuwar lambar ranar haihuwar matata Lorene ce. Wata goma sha ɗaya da binne ta, amma duk sanda zan ɗauko bindiga sai na danna ranar da ta zo duniya. Da lokacin farautar barewa ya gabato, na gaji. Ban kira mai gyaran makulli ba. Mutumin da ya karance tarihin Rum, takarda mai shafi biyu ba za ta gagare shi ba. A bar ƙofa a buɗe, a danna tsohuwar lamba, a danna sabuwa sau biyu, a gwada sau uku kafin a rufe. Na bi duka. Takardar ba ta ce a gaya wa kowa ba.

Sauran labarin a takardun kotu na same shi.

Su uku ne. Royce Gilley, ogansu, wanda shekara tara a gidan yarin Kentucky ba ta koya masa komai ba. Cletis, direba. Sai Wendell, ɗana, mai shekara talatin da huɗu, wanda rabona da shi tun ranar jana'izar uwarsa, da na kore shi gaban mutane don ya zo a buge. A bayan wurin wankin mota suka ƙulla maganar. Shagon zinari suke hari, ba su da isassun makamai. Wendell ya ce akwai bindiga bakwai a gidan tsohonsa, lambar tun yana firamare ya san ta, kuma duk Laraba da hantsi tsohon yana laburare yana musu da matattun marubuta. Nan kam bai yi ƙarya ba.

Royce ya ce, "Ɗan baba, in ka yi mana wasa, kai ne barewar bana."

Goma da kwata akori-kurarsu ta tsaya bayan gidana. Maƙwabciyata Opal Ledford, wadda na yi shekara arba'in ina tsanar tagarta, ta ɗaga labule. Ta kira 'yan sanda.

A ciki Wendell ya durƙusa. Ya danna. Jar wuta. Ya goge hannu a wando, ya sake. Ja. Ya sake. Royce ya tambaye shi ko ranar haihuwar uwar tasa ma ya shanye ta. Ya danna karo na huɗu — madannan suka mutu. Haka aka ƙera su: kuskure huɗu, sai su yi shiru minti biyar, ko wa ya zo.

Cletis, da ke tsaye da jakunkuna, ya ce Wendell bai tashi ba. Jingina goshi ya yi da ƙarfen, ya ɗan yi dariya.

"Ya canza," in ji Wendell. "Saboda ni ya canza."

Royce bai yarda ba. Minti uku, sai ga jiniya daga kan titi.

"Ka sayar da mu, ɗan iska!" in ji Royce, ya auna Wendell da ƙaramar bindigarsa.

Tau! Tau!

Cletis ya yar da jakunkuna, ya faɗa gonar masara. A can aka kamo shi, ya faɗi komai. Royce ya figi mota — a gada ya tarar da motocin 'yan sanda biyu a gicciye. Ya fito hannu sama, ko ƙwarzane babu. Irinsu haka suke fitowa.

Ni ina laburare. Ɗan sandan da ya zo nemana ya cire hula kafin ya buɗe baki.

Royce ya samu ɗaurin rai-da-rai, Cletis shekara goma sha biyu. Bindiga bakwai, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ɗan sanda mai bincike har yaba akwatin ya yi, ya tambayi inda na saya. Sannan ya nemi in buɗe ya gani. Na tsallake jinin, na danna: sifili tara, sha huɗu, tamanin da bakwai. Ƙofa ta buɗe. Ya dubi lasisin tuƙin Wendell da ke hannunsa, ya dube ni, ya kau da kai.

Na yi niyyar kiran Wendell ranar buɗe farauta, ya zo ya ɗauki bindigar kakansa mu shiga daji tare. Na ce bari ranar ta zo tukuna, kada ya ga kamar na sauko da wuri.

Wendell, ba don in hana ka na canza ba. Ranar haihuwarka na sa.