Garmahon Malai

Ranar wata Alhamis, 'yan watanni kafin Nijar ta samu mulkin kai, Malai ta rungumo garmahonta kamar jariri, ta ratsa Kasuwar Dole har rumfar Tahiru mai gyaran agogo. Duk inda ta gifta sai ta ji an ce, "Ga 'Yar Sin nan."

Ta gaji da gaya musu ita ba 'yar Sin ba ce, daga ƙasar Siyam take, bakin wani babban kogi. Can wani soja, Sarjan Illa, ya auro ta lokacin da Faransa ta kai shi yaƙi tsallaken kogin. Ta musulunta, ta biyo shi Damagaram, shekara ɗaya zazzaɓi ya yi ajalinsa. Ya bar mata ɗaki a unguwar Zango, da keken ɗinki, da wannan garmaho mai faifai tara na kiɗan Turawa, kyautar wani kaftin.

"Ya daina magana," ta ce da Hausarta mai karkacewa.

Tahiru bai yi dariya ba. Ya buɗe, ya leƙa.

"Ƙarfen da ke juya shi ne ya tsinke. Zai gyaru. Sunan wa zan rubuta?"

"'Yar Sin."

"Wannan na 'yan kasuwa ne. Wanda iyayenki suka raɗa miki nake tambaya."

Ta ɗago ta dube shi. Rabon da a yi mata wannan tambaya har ta manta.

"Malai."

Bayan kwana uku ya kawo mata shi da kansa bayan la'asar, ya ce sai an gwada a gabansa. Ta ajiye garmahon a bakin zaure, ita daga ciki, shi a kan dakali. Ta sa faifan fiyano wanda ta fi so, mai saukowa a hankali kamar ɗigon indararo bayan ruwa ya ɗauke. Tahiru ya sunkuyar da kai har allura ta kai ƙarshe.

"Ba waƙa a ciki?"

"Babu. Shi ya sa nake so. Ba mai yi mini Hausa da sauri, ba mai cewa in sake faɗa don a yi dariya."

Daga ranar, kullum in ya rufe rumfa sai ya biyo ta Zango. Faifai ɗaya suke ji, ba su ƙarawa, don allura na wuyar samu. Shi ya zaɓi na wani babban goge mai kaurin murya, ya ce kamar kakansa na ba da labari. Ita ta ce mai gogen nan kuka yake, kunya ce ta hana shi buɗe baki. Suka yi ta musu a kai har sati biyu. Ya fara ce mata Malaina. Ita kuma ta ce masa Pi Tahiru, ta ce a garinsu haka mace ke kiran wanda ya girme ta, in har ya shiga ranta.

Magana ta kai kunnen Hajja, mahaifiyarsa.

"Ta ce ba ta san asalinki ba," Tahiru ya gaya mata, yana wasa da hularsa. "Wai gidan wa za ta kai goro? Ki ƙara mini haƙuri, Malaina."

Ana cikin haka Alkasum, magatakarda a biron kumandan, wato ofishin Baturen mulki, wanda ya taɓa neman auren Malai ta ƙi, ya kawo mata takarda. Turawa na haɗa kaya, kuma za a mayar da matar marigayi soja ƙasarta in ta sa hannu kafin watan Agusta. Ta karɓa, ta sa ƙarƙashin keke. Alkasum kuwa ya zarce kasuwa ya gaya wa Tahiru ta riga ta sa hannu.

Tahiru ya daina zuwa.

Kwana goma sha biyu Malai tana share dakali da la'asar, tana komawa ciki. Ta sa fiyano, ta ɗage allurar tun bai yi rabi ba. Maƙwabta na ta ɗinkin ankon bikin mulkin kai, suna kawo mata atamfa suna hira a tsakaninsu kamar ba ta wurin.

Rana ta goma sha uku ta ji sallama. Wata dattijuwa ce, doguwa, fuska ba walwala.

"Ni ce uwar Tahiru. Na zo in ce ki sakar mini ɗa. Ya daina cin abinci."

Malai ta durƙusa ta gaishe ta, ta shimfiɗa tabarma. Hajja ta dubi ɗakin. Kwano ɗaya, cokali ɗaya, 'yar shinkafa da aka fara ci aka ture.

"Ke kaɗai kike ci?"

"Ni kaɗai, Hajja."

"Mahaifiyarki na da rai?"

"Ban sani ba. Na aika takarda shida, ba amsa."

Hajja ta zauna a kan tabarmar.

"An ce za ki tafi."

Malai ta ɗauko takardar ta miƙa mata. "Wurin sa hannu ba komai. In na tafi, ban san wa zan tarar ba. In na zauna, ban san wa ke so na ba."

Hajja ba ta iya karatu ba, amma ta ga farin wurin. Ta ninke takardar, ta jawo kwanon shinkafar gabanta.

"Kawo ruwa in wanke hannu. Ba a barin baƙo yana kallo."

Da za ta tafi, Malai ta ba ta 'yar wasiƙa da haruffan da Illa ya koya mata:

"Pi Tahiru, ban sa hannu ba. Ka ji daga bakin wani, ba ka tambaye ni ba. Na yi fushi, amma na share dakali. Malai."

Washegari amsa ta zo a hannun mai ita, ya tsaya a bakin zaure ya kasa shiga:

"Malaina, na ji tsoron in tambaya ki ce gaskiya ne. Ki yafe mini. Hajja ta ce in nemo waliyyi. Naki, Tahiru."

Ta karanta sau biyu. "Shi ke nan?"

"Saura sai an sa faifai. Bakina ya yi nauyi."

Ta sa masa na gogen. Wannan karon ba wanda ya yi musu.

An ɗaura aure sati uku bayan an ɗaga sabuwar tuta. Mutari, tsohon sojan da suka dawo jirgi ɗaya da Illa, shi ya tsaya waliyyi. Dangin ango suka zo daga Tirmini suna neman Hajja ta karɓi baƙi, aka neme ta a gida aka rasa. Can Zango aka same ta, ta ɗora ƙafar amarya a cinyarta tana ƙunsa mata lalle.

"Hajja, ke fa uwar ango ce!"

"Ango na da gwaggo huɗu, su ishe shi," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Wannan ni ce uwarta."

Malai ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Hajja ta dafa kanta.

"Ya isa haka, 'yata, kar ki ɓata kwalli. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya cika muku gida da 'ya'ya. In mahaifiyarki na raye, Allah ya kai mata labari."

Matan da suka cika ɗakin suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.