Bom a Kwalbar Wake

Sufeto Bubayaro yana cikin raba gardamar wasu dillalan shanu da suka kawo ƙara daga kasuwa, sai Kofur Laraba ta leƙo ofishinsa.

"Yallaɓai, an bugo daga kwalejin nan mai zaman kanta ta hanyar Damaturu. Wata ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin gwaje-gwaje. Likita ya ce guba ta shaƙa."

"Tana da rai?"

"Tana da rai, amma sai da aka sa mata na'urar numfashi."

Ranar Litinin ce, hantsi ya dubi ludayi. Suna isa suka tarar da ɗalibai sun yi cirko-cirko a ƙarƙashin bishiya, an buɗe tagogin ɗakin gaba ɗaya. Duk da haka wani wari mai kama da na ruɓaɓɓiyar tafarnuwa bai gama fita ba. Sufeto ya san warin. Duk wanda ya taɓa shiga sito a kasuwar hatsi ta Potiskum ya san shi.

Malam Umar Faruk, mai koyar da ilimin halittu ga 'yan ajin farko, shi ya tarbe su.

"Sunanta Mubaraka Saleh," in ji shi. "Kowane ɗalibi na ba shi aiki ya kawo hasashe, ya gwada shi. Ita hasashenta shi ne garin ganyen darbejiya yana hana ƙwari cin wake. Ta zuba wake da ƙwari a kwalabe, rabi ta sa musu ganyen, rabi ta bar su haka nan."

"Me ya sa ta bar rabi?"

"Don kwatance, Yallaɓai. In ƙwarin suka mutu a masu ganye, suka rayu a marasa ganye, to ganyen ne. In suka mutu ko'ina, ba ta gano komai ba."

Ya nuna wani kabad na ƙarfe a lungu. A nan ake ajiye kwalaben, an rufe bakinsu da ƙyalle. Da safe Mubaraka ta buɗe kabad ɗin, ta cusa kai tana jawo su, ba ta daɗe ba ta fara tari da amai.

Sufeto ya ɗaure hanci da hankici, ya sa aka fito da kwalaben waje. Ƙwarin duk sun mutu. A gindin wasu kwalaben akwai wani gari mai ruwan toka.

"Bom ne," ya ce wa Laraba. "Ƙwayar da 'yan hatsi ke jefawa a buhu. In ta gama fitar da iskarta sai ta bar wannan tokar. Ɗauki hoton ɗakin nan kaf, har abin da kike ganin ba shi da amfani."

Wanda aka fara kawo masa shi ne Sharfaddeen, wani dogon saurayi da aka ce ba ya ga maciji da Mubaraka.

"Ni ban taɓa kusantar kabad ɗinta ba," in ji shi. "Kuma in za a faɗi gaskiya, ita ta sa abinta. So take ƙwarin su mutu a ce ganyenta ya yi aiki. Tun da Malam ya ce aikinta za a kai baje kolin kimiyya a Damaturu, kanta ya kumbura."

"Kai me kake gwadawa?"

"Yadda burodi ke yin fumfuna a zafi da sanyi. Nawa ya fi nata tsari, kowa ya sani. Amma ko kallonsa Malam bai yi ba."

Sufeto ya ƙura masa ido. Ya san irin wannan muryar. Da ita shi ma ya yi wa abokin ɗaukarsa aiki murna bara, ranar da aka ƙara wa abokin girma aka tsallake shi.

Ya koma wajen kwalaben, ya jera su a kan benci, ya kira Malam Umar Faruk.

"Malam, duba min. Waɗanne ne ke da tokar?"

Malamin ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago kai.

"Marasa ganye ne kawai."

"Mai son ya nuna ganye na kashe ƙwari, a ina zai sa guba?"

"A masu ganye."

"To ba ita ba ce. Wani ne ya so ƙwarin su mutu ta kowane ɓangare, aikin ya tashi a banza. Kuma ya saurari darasinka da kyau."

A asibiti Mubaraka ba ta iya magana ba tukuna. A bakin gadonta akwai mahaifiyarta da wata yarinya mai shuɗin hijabi, idanunta sun yi ja. Ita ce Basira Umara, ƙawarta tun firamare, unguwarsu ɗaya a Dogo Tebo, aji ɗaya kuma a kwalejin.

Sufeto ya kira ta baranda.

"'Yata, yaushe rabonki da ɗakin gwaje-gwaje?"

"Tun Alhamis, Yallaɓai. Juma'a ba mu da darasi a can. Yau da safe na je, ban ma shiga ba, ta taga na leƙa."

"Me kika gani?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba na son in ja wa kowa. Sharfaddeen na gani a gaban kabad ɗin, kafin Mubaraka ta iso."

Da aka sake titsiye Sharfaddeen a ofis, sai gumi ya karyo masa.

"Na shiga," ya ce. "So nake in ga ko da gaske ganyen na aiki. Na ɗan buɗe ƙofar kabad ɗin, na ji wari, na mayar na rufe."

"Ka gaya wa wani?"

"A'a."

"Ka ga ta nufi wurin, ka yi shiru?"

"Na ɗauka wakenta ne ya ruɓe. Daɗi ma na ji." Ya share fuska. "Amma wallahi ban sa komai ba. Tun Alhamis da yamma ina Damagum wajen ɗaurin auren yayana, sai yau da sassafe na dawo."

An buga waya Damagum, mutane da yawa suka tabbatar da haka. Amma DPO, shugaban ofishinsu, bai ga abin jira ba, so yake a kai shi kotu. Yaro ya yi ƙarya, an gan shi a wurin, ya amsa yana jin haushinta. In ba ya gari a ƙarshen mako, ai da safen Litinin yana nan.

"Yallaɓai, a ba ni lokaci kaɗan," in ji Sufeto. "Akwai abin da nake so in gwada."

Ya aika Laraba kasuwar hatsi ta sayo ƙwayar bom da mudun wake. A bayan ofis, can nesa da mutane inda ake jibge motocin da suka yi haɗari, ya zuba wake a kwalba irin ta kwalejin, ya jefa ƙwayar, ya rufe da ƙyalle, ya kifa tsohuwar durowar ƙarfe a kai.

"Yallaɓai ma ya zama ɗalibi," in ji Laraba.

"In yaron nan ne ya sa da safe, to kafin mu isa ya kamata ƙwayar ta zama toka. Bari mu ga ko tana yin haka."

Da la'asar suka duba daga nesa, ƙwayar na nan guda, sai ɗan kumburi. Washegari ta fara tsagewa. Sai ranar Laraba ta ruguje ta koma gari irin wanda suka gani.

Sufeto ya sa aka saki Sharfaddeen a hannun kawunsa, bayan ya gaya masa maganganun da ba zai manta ba. Sannan ya zauna da wayar Laraba yana bin hotunan ɗakin. An sa gubar ne a ƙarshen mako, lokacin da ya kamata ɗakin ya kasance a kulle.

A hoto na kusa da taga ya tsaya. Gwangwanaye ne jere da ɗalibai suka shuka masara da gero a ciki. Zafin bazara ya kwantar da tsiron duka, ganye ya yi laushi, ƙasa ta tsage. Sai layi ɗaya da ke tsaye shar, ƙasarsa baƙa da danshi. Ya buɗa hoton har ya iya karanta sunan da ke jikin gwangwanin.

Malam Hammawa ne mai riƙe da makullin ɗakin, dattijo mai furfura a gemu. Da farko ya rantse cewa daga azahar ɗin Alhamis zuwa Litinin makullin bai bar aljihunsa ba.

Sufeto ya miƙa masa wayar.

"Baba, to wa ya ba wa waɗannan ruwa? Na Litinin da safe ne hoton. Sauran duk sun kwanta."

Dattijon ya daɗe yana kallo.

"Za su kore ni," ya ce a hankali. "Doka ta hana. Yarinyar nan Basira ce ta zo gida ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta ce shukarta za ta mutu. Na san mahaifinta, Alhaji Umara mai hatsi, mutumin kirki. Na ba ta. Ranar Lahadi ma ta sake karɓa."

"Da na zo ran Litinin me ya hana ka faɗa?"

"Ita ce ta yi ta kuka a kan ƙawarta. Na ce ba zai yiwu ba."

Ba su je gidan Alhaji Umara ba. Sufeto ya san inda za su same ta. Suna tsaye a ƙofar asibiti Keke Napep ya sauke Basira, riƙe da fulas a leda. Tana ganinsu ta rage tafiya.

Suka shiga da ita wani ofishin ma'aikatan jinya da ba kowa. Laraba ta zauna kusa da ita.

"Kin ce rabonki da ɗakin tun Alhamis."

"Haka ne, Yallaɓai."

"Masararki ta sha ruwa ranar Juma'a, ta sha ranar Lahadi. Malam Hammawa ya gaya min wanda ya ba makulli. Ƙwayar da aka sa kuma ba ta zama toka a wuni ɗaya, na gwada da hannuna. A sitonku akwai irinta?"

Basira ta kalli Laraba kamar mai neman taimako, sannan ta ɗora fulas ɗin a cinyarta ta rungume.

"Ƙwarin kawai nake so su mutu," ta ce. "Na ɗauka kafin Litinin iskar ta fice. A sito ana buɗe ƙofa ne ta tafi. Ban yi tunanin kabad ɗin zai riƙe ta ba."

"Me ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Shi ne abin. Tun muna yara ni ke gaba. Ni nake koya mata lissafi a zaurenmu. Sau biyu ta zauna jarrabawa kafin ta samu shiga, ni na zauna da ita har ta ci. Maganar darbejiyar ma a bakina ta ji. Muna cikin keke na ce kakata da ganye take ajiye wake, ina dariya, na ce aikin tsofaffi. Ta ce in ba na so za ta gwada. Na ce ta ɗauka."

"To da izininki ta yi."

"Da izinina. Sai Malam ya tsayar da ita a gaban aji ya ce ga yadda ake gwaji. Na yi tafi tare da kowa. Na daure." Ta goge hawaye da gefen hijabi. "Sai ran Alhamis Baba ya dawo daga kasuwa, ya ce ya ji labarin 'yar gidan Malam Saleh, in kira masa ita ta nuna wa yaransa yadda ake haɗa ganyen. Ya ce yarinyar nan Allah Ya yi mata kai. Ya juyo ya ce, ke kuma me kike gwadawa? Na fara gaya masa, wayarsa ta yi ƙara, ya tashi ya fita. Bai sake tambaya ba."

A waje wani yana tura gadon marar lafiya, ƙafar na ƙara.

"Sharfaddeen fa?" in ji Sufeto. "Ya kwana a hannunmu saboda maganarki."

"Na gan shi da gaske."

"Kin gan shi, kuma kin san ba shi ba ne. Kin ga Mubaraka ta nufi ɗakin, kina bakin taga."

Kukan da Basira take riƙewa ya ƙwace mata.

Sufeto ya jira har ta lafa, sannan ya gaya mata laifin da ake tuhumarta da shi, ya ce za a kira mahaifinta ya same su a ofis. Laraba ta kama hannunta, ba ta sa mata ankwa ba.

A bakin ƙofa Basira ta tsaya.

"Ta sani?"

"Ba ta sani ba tukuna. Jiya ta fara magana."

"Na sani. Ita ta ce in kawo mata kunun gyaɗa, ba ta iya cin komai." Ta miƙa masa fulas ɗin da hannu biyu. "Don Allah a kai mata kafin ya huce."

Sufeto ya karɓa. Da ɗuminsa.

"Kin san ba zan iya ba ta ba."

"Wallahi babu komai a ciki, Yallaɓai. Da hannuna na dama."

"Na yarda da ke," ya ce. "Amma ba zan ba ta ba."

Ta kalli fulas ɗin a hannunsa, ta gyaɗa kai a hankali. Laraba ta buɗe mata bayan mota ta shiga. Sufeto ya tsaya ya ga sun fita daga ƙofar asibitin, sannan ya juya ya nufi ɗakin da Mubaraka ke kwance, yana neman kalmar da zai fara da ita.