Labarin da Aka Sace wa Fatsuma

Rana ta take tsaka a fadamar Kalgo, Fatsuma tana tsaye cikin ruwa har gwiwa tana korar tsuntsaye daga shinkafar Gwaggo Indo, murya ta dishe, ƙafafu duk sun tsattsage. Allah sarki marainiya! Da zarar iska ta kwaso ƙarar ƙararrawar makaranta daga cikin gari, sai gwangwanin da take kaɗawa ya tsaya cak a hannunta, hawaye su ɓalle... Yunwa da zagin Gwaggo duk ta iya jure su. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne kewar ajinta na Gwandu, da muryar Malam Abdulgani, malamin Hausa, wanda ya fara nuna mata yadda ake gina labari. Shi ya ce mata labari sai da mutum mai neman wani abu, da abin da ya tare masa hanya. Shi ya ce rubutun farko shinkafa ce da ba a sheƙe ba, duk wanda ya ji tausayin ƙaiƙayi zai ci da tsakuwa.

Da aka shelanta gasar ƙagaggun labarai, Malam yana Sakkwato wajen kwas. Fatsuma ta duƙufa ta rubuta labarin wata yarinya Hajjo da rasuwar mahaifiyarta, tana ɗokin ya dawo ya gani. Ashe Lukuman, ɗan Kawu Mamman da ke riƙonta, ya buɗe akwatinta ya kwafe shi tas, ya riga ta kaiwa. Shugaban makaranta ya ga labari ɗaya da sunaye biyu, ya ce wanda ya zo daga baya shi ne ɓarawo. Ta rantse, ta durƙusa, ta yi kuka har ta shiɗe, ina! Wa zai saurari marainiya a bar ɗan masu gida? Kawu ko karanta labarin bai yi ba, ya ce ta zubar masa da mutunci, ya cire ta daga makaranta ya turo ta Kalgo wurin Gwaggo Indo. Kullum addu'arta ɗaya ce: "Ya Allah, Kai ka san gaskiya, Ka maishe ni aji."

Ranar nan sai ga babur ya tsaya a bakin fadama. Malam Abdulgani ne.

"Fatsuma, hito daga ruwan nan," in ji shi. "Ban ga labarin ba sa'ad da kike rubuta shi, don haka ba ni yin shaidar abin da ban gani ba. Amma na roƙi alfarma a gwada ku, ke da Lukuman."

Ya ɗauko ta a babur har Gwandu, haka ta shiga ofishin shugaban makaranta da taɓo a ƙafa. Kawu yana zaune ya ɗaure fuska, Lukuman kuwa sai yatsina yake yi. Malam ya miƙa wa kowannensu labarin da jan biro. "Labarin ga ya yi tsawo. Kowa ya yanke rabi, ya bar abin da in babu shi babu labari."

Lukuman ya gama nan da nan. Ya bar kururuwa da faɗuwa ƙasa da taron makoki, ya soke wani ɗan wuri inda uwar take kwance ta nemi ruwa. Malam ya tambaye shi dalili, ya ɗaga kafaɗa. "Malam, mi ke cikin wannan? Uwa ce kawai ta kira ɗiyarta."

Fatsuma ta daɗe. Kaico, ba ƙaramin abu ba ne mutum ya sa jan biro a kan hawayensa! Amma ta soke shafukan kukan nan kaf, ta bar ɗan wurin da Lukuman ya zubar.

"Don mi?" Malam ya tambaye ta a hankali.

"Malam, ka duba tun daga farko, uwar ba ta kiran Hajjo da sunanta, sai dai ta ce ke, ko yarinyar ga." Ta ɗora yatsa a kan wurin. "Ni ce ɗiyar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda alkunya, har na kan zauna ina jin kishin ƙannen maƙwabta in an kira su. Sai da safiyar da za ta rasu, ta nemi ruwa, na kawo, ta riƙe hannuna ta ce, Fatsuma... Sau ɗaya ke nan a duniya. Shi ne labarin, Malam. Sauran kukana ne kawai, na gane bai ƙara mishi komai ba."

Shugaba ya shiga juya shafuka yana dubawa, ya tarar haka ne, Lukuman ya kwafe abin da ko lura da shi bai yi ba. Sai aka ji shessheka. Kawu Mamman ne, babban mutum, rawani ya jiƙe da hawaye.

"Ina bakin ƙofa ranar," ya ce. "Da kunnena na ji ƙanwata ta kira ta. Lukuman, ka sa na ci amanar mamaciya."

Lukuman ya zube yana roƙo, amma ya makara. Aka kore shi daga makaranta, uban kuma ya rantse daga yau sai gonarsa ta Masama da hauya. Sannan Kawu ya juyo, ya kasa haɗa ido da ita. "Ɗiyata, ki yafe mani. Faɗi abin da kike so."

Ta share fuska da gefen mayafi. "Na yafe, Kawu. Gobe... in zo makaranta?"

Malam Abdulgani ya leƙa waje. "Gobe kuma? Ai ba a tashi ba."

Ko ƙafafunta ba ta tsaya wankewa ba, ta nufi aji tana kuka.